Mai karɓa daban, mai kaya daban

A shagunan kayan lantarki na Garwa ko Marwa ko Kusiri, in ka ce kana neman risiba ba wanda zai tsaya tambayarka abin da kake nufi. Za a sauko maka da ɗan akwatin nan baƙi da ake haɗawa tsakanin farantin tauraron ɗan'adam da talabijin. Sunan kaya ya biyo, domin da yawansu ta Najeriya suke shigowa, ta Mubi ko Banki ko Gamboru, cikin kwalaye masu rubutun Ingilishi. To amma a Ingilishin wannan suna bai tsaya ga akwatin kallo ba. Mutumin da kotu ta damƙa wa kamfanin da bashi ya ci shi ma risiba ne. Wanda ya sayi babur ɗin sata yana sane, sunansa ke nan a shari'a. Haka tankin iskar mai faci, da gangar jikin bindiga, da jami'in da ke karɓar kuɗin gwamnati. Faransanci, wanda da shi ake rubuta mana takardun ofis a arewacin Kamaru da Chadi, bai tara su a ɗaki ɗaya ba: na'ura récepteur ce, jami'in kuɗi receveur, mai sayen kayan sata receleur, wakilin kotu kuwa syndic. Ɗan kasuwar da ke sayayya a Kano yana biyan haraji a Marwa kullum yana karo da harsunan biyu.

Abin da ya haɗa waɗannan ayyuka masu nisa da juna shi ne ya fi jan hankalina, kuma wani masanin lissafi ne ya fi kowa fito da shi fili. A 1948 Claude Shannon, wanda ke aiki a ɗakunan bincike na kamfanin wayar Bell a Amurka, ya zana hanyar da kowane saƙo ke bi, ya kasa ta gida biyar: inda saƙon ya samo asali, abin da ke aika shi, hanyar da yake ratsawa, abin da ke karɓarsa, sai wanda aka nufa da shi. Na huɗu da na biyar bai haɗe su ba. Akwatin rediyo yana karɓa, amma ba shi ake karanta wa labarai ba, mai akwatin ake karanta wa. A kusan duk inda aka kira wani abu ko wani mutum mai karɓa, haka lamarin yake: yana karɓa ne a madadin wani, an ɗora masa ya tantance abin da ya shigo hannunsa, kuma akwai wanda zai miƙa wa. Rigingimun da ake yi a kasuwa da ofis da kotu, da yawansu daga manta wannan suke tasowa.

Rediyo ya fi sauƙin ganewa, don kowa ya taso da shi. Eriya ba ta zaɓe. Duk tashar da siginarta ta iso inda kake, daga ta cikin gari har ta Landan, tana taɓa wannan siririn ƙarfe a lokaci guda, ga kuma ƙarar walƙiya da ta injin janareton maƙwabci. Babban aikin akwatin shi ne ya ƙi duk sauran ya riƙe ɗaya. Dabarar da aka daɗe ana bi ta Edwin Armstrong ce, wani injiniya Ba'amurke da ya fito da ita a 1918. A cikin akwatin akwai wani sashe da ke kaɗa tasa siginar, kuma in ka murɗa abin neman tasha wannan siginar ta cikin gida kake sauyawa. Sai a gauraya ta da abin da eriya ta kamo, tashar da kake nema ta faɗo kan wani ma'auni guda da ba ya canzawa, galibi kilohaz 455 a gajeren zango da matsakaici, megahaz 10.7 a FM. A kan wannan ma'aunin aka gina matata mai tsauri. Abin da ya tsallake ta ne ake ƙara wa ƙarfi, a raba murya da igiyar da ta ɗauko ta, a tura wa lasifika. Shi ya sa akwati biyu za su zauna a kan tabarma ɗaya, ɗaya yana kawo magana tas, ɗayan yana cakuɗa tasha biyu. Iskar da suke sha ɗaya ce, matatar ce ta bambanta.

Mitocin da masu gabatar da shiri ke jero mana, mita 19, mita 25, mita 31, mita 41, tsawon igiyar siginar ne. In ka raba 300 da adadin megahaz za ka samu mitar, don haka mita 31 tana wajen megahaz 9.6, mita 19 kuma wajen 15. Gajeren zango yana tafiya mai nisa ne saboda yana dukan wani rufi na sararin samaniya da hasken rana ke caza shi, ya dawo ƙasa can gaba. Wannan rufin yana canza hali tsakanin rana da dare, shi ne dalilin da tashoshi ke zama a mita 16 da 19 da rana su koma 41 da 49 da dare. Ta wannan hanya Sashen Hausa na BBC ya shigo gidaje tun 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, na RFI a 2007, kuma ta nan ne aka yi shekaru ana kama Rediyon Garwa har cikin Najeriya. FM ba ta da wannan gatan. Tafiyarta kusan miƙaƙƙiya ce, dutse yana tare ta, wanda duk ya zauna a ƙauyukan da ke bayan duwatsun Mandara ya sani. A Kusiri kuwa, inda ruwa kawai ya raba gari da Njamena, tashoshin Chadi suna shigowa kamar na cikin unguwa, sigina ba ta tsayawa a kan gadar Ngeli a buga mata hatimi.

Risibar faranti ƙanwar akwatin rediyo ce, sai dai tasharta tana nesa. Taurarin da ake kallo da su suna zaune a tsayin kilomita 35,786 a saman layin da ya raba duniya biyu, inda zagayensu ya yi daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa in an saita faranti sau ɗaya yake zama a haka. Nilesat yana digiri 7 yamma, taurarin Badr na Arabsat suna digiri 26 gabas, don haka mai neman tashoshin Masar da mai neman na Badr ba waje ɗaya farantinsu ke kallo ba. Siginar da ta yi wannan doguwar tafiya tana isowa a raunane ƙwarai. Faranti yana tattara ta ya haska wa ɗan kan nan da ke gabansa, wanda masu saiti ke kira LNB. Shi ne ke saukar da ita daga gigahaz 10.7 zuwa 12.75, ma'aunin da wayar gida ba za ta iya ɗauka da nisa ba, ya mai da ita tsakanin megahaz 950 da 2150. Dabarar Armstrong ce dai aka hau da ita saman rufi.

Wani abin da masu kallo ba su cika sani ba shi ne risiba tana ba da umarni. Ta cikin wayar da sigina ke saukowa take tura wa kan wuta, bolt 13 ko 18, kuma bambancin bolt ɗin ne ke gaya masa wane rukunin tashoshi zai saurara. In wannan sashen ya lalace sai ka ga rabin tashoshi suna nan rabi sun ɓace, mai gida ya yi ta zargin faranti yana sa yara suna hawa rufi a banza. Haka in tasha ta koma sabon tsari na DVB-S2 da MPEG-4, tsohuwar risiba ko dai ba za ta gan ta ba sam, ko ta kawo murya babu hoto. Faranti lafiyarsa ƙalau, akwatin ne bai iya karatun ba. Ruwan sama mai ƙarfi na watan Agusta kuwa yana shanye siginar wannan zango kafin ta iso, ba abin da mai saiti zai iya yi sai dai ya ba da shawarar faranti mai faɗi. Akwatunan Canal+ da StarTimes sun ƙara wani mataki: siginar tana isowa gidan kowa a kulle, akwatin wanda ya biya ne kawai ake ba mabuɗi. Sai jinkiri. Hawa da saukar sigina kaɗai suna cin kusan rubu'in daƙiƙa, kwance hoton ya ƙara nasa, shi ya sa mai sauraren ƙwallo a rediyo kan riga masu gidan kallo ihu.

GPS ɗin da ke cikin waya, mai nuna maka inda kake, ita ce mai karɓa zalla. Taurarinta suna tsayin kusan kilomita 20,200, kowanne yana ta shelar inda yake da ƙarfe nawa ne a agogonsa. Wayar tana sauraren aƙalla huɗu, ta auna jinkirin isowar kowanne, ta lissafa wa kanta inda take. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya isa ya kauce da kai mita 300. Tauraron bai san da kai ba, ba abin da wayar ke mayar masa. In wani ya san inda kake, ta hanyar manhaja da intanet ko turakun kamfanin waya ya sani. Ita kuwa risibar asali ta wayar tarho, hannun nan da ake ɗagawa a kara a kunne, yaran yanzu ba su taɓa riƙe ta ba, amma hotonta ne kore da ja da suke dannawa kullum.

Da an shigo maganar kuɗi, mai karɓa ya tashi daga na'ura ya zama mutum, kuskurensa kuma ya zama abin biya. MTN ta fara hada-hadar kuɗi ta waya a Kamaru a 2010, Orange ta biyo a 2011, a Chadi kuma Airtel Money da Moov Money ke wannan aiki. Kafin su Express Union ce ta saba wa mutane da aika kuɗi daga Duwala zuwa Marwa a yini guda. A Janairun 2022 gwamnatin Kamaru ta fara cire kashi 0.2 cikin ɗari a kan aikawa da cirewa. Duk wannan tsari ba suna yake kallo ba, lamba yake kallo. Lamba ɗaya ta kauce, kuɗin sadakin da aka tara sun tafi wayar wani baƙo a Bertuwa. Sunan da ke fitowa a fuskar waya kafin a sa lambar sirri shi ne kawai shingen, kuma shi ne mutane ke tsallakewa cikin gaggawa. Wanda kuɗin suka faɗo masa bai zama mai su ba. Dokar farar hula da aka gada daga Faransa ta faɗa a sashe na 1376 cewa duk wanda ya karɓi abin da ba haƙƙinsa ba, da kuskure ko da gangan, wajibi ne ya mayar, kuma ba malamin da zai ba shi wata fatawa daban. Sai dai 'yan damfara sun mai da wannan kyakkyawar ɗabi'a tarko. Za a turo saƙo mai kama da na kamfani, a biyo da kira cikin marairaicewa: “Baba, don Allah ka taimaka, kuɗin maganin mahaifiyata ne na tura maka da kuskure.” Dattijo ya mayar da abin da bai taɓa shigowa ba. Maganinsu a duba ainihin abin da ke cikin asusu, a kuma bar kamfanin ya mayar da kansa.

A ofisoshin gwamnati akwai wanda aikinsa ke nan gaba ɗaya. Kowace ƙaramar hukuma a Kamaru tana da jami'in da ake kira receveur municipal, haka ofishin haraji da na kwastan da gidan waya kowanne da nasa. Tsarin da aka gada ya raba hannu biyu da gangan. Magajin gari shi ke ba da umarnin a karɓa ko a kashe, amma ba shi da ikon taɓa kuɗin. Jami'in karɓa shi ke taɓa kuɗin, amma ba shi ke yanke abin da za a yi da su ba, kuma yana da hurumin ƙin biya in takardu ba su cika ba. In lissafinsa ya yi giɓi, daga aljihunsa ake nema, kuma sashen binciken kuɗi na Kotun Ƙoli ne ke duba littattafan irinsu. A takarda tsarin ya yi kyau. Inda yake yoyo shi ne can ƙasa, tsakanin mai tebur a kasuwa da yaron da ke zagayawa da tikiti. Kuɗin da aka miƙa ba a karɓi rasit ba ba su shiga littafin kowa ba, ba kuma za su taɓa zama kwalbati ko fitilar kasuwa ba. Mai kayan miya da ta yarda ta ba da rabin kuɗi a bar rasit tana ganin ta yi riba, gobe wani ya zo ya sake karɓa ba ta da abin nunawa.

Mu ba baƙin wannan magana ba ne. Masarautu suna da ma'aji tun kafin zuwan Jamusawa, kuma aya ta 60 ta Suratut Tauba ta sa masu aikin tattara zakka cikin waɗanda ake ba rabo, wato a biya su a sarari don kada su biya kansu a ɓoye. Hadisin Ibnul Lutbiyya, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, a kan wannan gaɓar yake. An aike shi karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tambaya me ya hana shi zama a gidan mahaifinsa ko mahaifiyarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar.

Risibar kotu ce ta fi rikita 'yan kasuwarmu, kuma a nan asara ta fi girma. A tsarin shari'ar Ingila, wanda Najeriya ta gada, in kamfani ya kasa biyan bashi kotu ko bankin da ke riƙe da jingina na iya naɗa wani ya karɓi dukiyar, ya tafiyar da ita ko ya sayar, ya biya masu bi. Haka AMCON, hukumar Najeriya mai karɓar basussukan bankuna da suka maƙale, ta yi da kamfanin jiragen Arik a Fabrairun 2017. Jirage sun ci gaba da tashi, amma mai sa hannu ya canza. Wanda aka naɗa bai zama mai kamfanin ba, bai kuma zama yaron tsohon mai shi ba.

A Kamaru da Chadi dokar OHADA ce ke aiki, yarjejeniyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka da aka sa wa hannu a Port-Louis ranar 17 ga Oktoban 1993, wadda yanzu ta haɗa ƙasashe 17, sakatariyarta a Yawunde, babbar kotunta a Abijan. Dokarta kan karyewar 'yan kasuwa an yi ta a 1998 aka sabunta a 2015. Ɗan kasuwa ko kamfanin da ya kai ba ya iya biyan bashin da lokacinsa ya yi da abin da ke hannunsa yana da kwana 30 ya sanar da kotu. In ana ganin zai farfaɗo, sai a naɗa masa wakili, wato syndic, ya tsaya a gefensa, ba ya yin wani babban motsi sai da shi. In ba sauran fata sai a zare hannunsa gaba ɗaya, wakilin ya tsaya a madadinsa ya sayar da komai. A duka biyun akwai alƙali na musamman da ke sa ido a kan wakilin.

Ga inda ake faɗawa rami. A ce mutum ya kai wa wani kamfani masara ko gyaɗa ta sefa miliyan uku a kan za a biya shi bayan wata biyu, kamfanin ya karye. Abin da ya saba yi shi ne ya je gidan mai kamfanin da asuba, ko ya tura dattijo, a ce masa, “Alhaji, ka ƙara haƙuri, kai ne na farko in kuɗi sun shigo.” Alhali daga ranar da kotu ta yanke hukunci mai kamfanin ba shi da ikon cika wannan alkawari, kuma an dakatar da ƙarar kowane mai bin bashi shi kaɗai. Hanya ɗaya ce: ya rubuta wa wakilin kotu adadin abin da yake bi, ya haɗa da shaidarsa. Wa'adin kwana 60 ne bayan sanarwa ta biyu a jaridar da ke buga sanarwar shari'a, 90 ga wanda ke zaune a wata ƙasa. Wanda ya bari ya wuce yana iya rasa rabonsa. A ganina nan dokar ta yi wa mutanenmu nisa, domin mai hatsi a Marwa ba ya karanta irin wannan jarida, kuma cinikin da aka ƙulla da musafaha ba shi da takardar da za a liƙa. Ko ya shiga layi, kuɗin shari'a da albashin ma'aikata da masu jingina suna gabansa. Mai ba da bashi a kan amana kawai shi ne na ƙarshe, yana raba abin da ya rage da irinsa gwargwadon bashin kowa.

Haka wanda kamfanin ke bi: in ya kai kuɗin ga tsohon mai gida don kunya ko sabo, ana iya sa shi ya sake biya ga wakilin. Kotu kuma tana iya komawa baya har wata 18 ta ce tun lokacin kamfanin ya karye, ta yi watsi da kyautar gida ko mota da aka yi wa ƙane ko suruki a wannan tsakani. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu ya san wannan babi da sunan taflisi: alƙali ya hana wanda bashi ya cinye taɓa dukiyarsa, ya raba wa masu bi. Akwai dai bambanci guda da ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe. A hadisi, wanda ya tarar da ainihin kayansa a hannun wanda ya karye ya fi kowa haƙƙi a kansu. A dokar OHADA kayan da ka sayar ka miƙa galibi ba za ka janye su ba sai in an rubuta tun farko cewa naka ne har a gama biya.

Sai mai karɓar da bai kamata ya karɓa ba. Kundin hukunta laifuka na Kamaru, na 12 ga Yulin 2016, ya yi maganarsa a sashe na 324, ya kuma ba shi hukuncin da sashe na 318 ya tanadar wa ɓarawo: ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tarar sefa 100,000 zuwa miliyan ɗaya, a ninka in kayan daga babban laifi suka fito. Abin da ya fi kama mutane shi ne ba sai an tabbatar ka sani ba, ya isa a ce kana da dalilin yin zargi. Wayar da kowa ya san ta kai sefa 150,000 aka kawo maka da daddare a 30,000, ba kwali ba caja, mai ita yana waige-waige, farashin kansa shaida ne a kanka. Babur ba takardar mallaka haka. Masu iya magana sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari, kuma masu satar shanu da masu tare hanya da suka addabi yankin nan ba za su kora garke ba in ba su san akwai mai jiran saye ba. Wannan ne amfanin dillali da mai masauki a kasuwannin shanu irin su Adumri da Bogo da Masaget. La'adar da ake ba su ba ta haɗa mai saye da mai sayarwa kaɗai ba ce, ta tsayawa ce: in gobe wani ya zo ya nuna alamarsa a jikin sa, akwai wanda ya san daga hannun wa ya fito. A waya lambar IMEI mai alƙaluma 15 ce ke wannan aiki, ana ganinta in an danna *#06#, a gwada da wadda ke jikin kwali.

Sauran ma'anonin na bita ne. Tankin da ke ƙarƙashin injin iskar mai faci yana karɓar iska ya ajiye don kada injin ya yi ta tashi kowane lokaci, kuma ruwa na taruwa a gindinsa, in ba a zubarwa tsatsa ta ci shi daga ciki har ya fashe. A na'urar sanyaya mota akwai wata kwalbar ƙarfe da ke riƙe gas ɗin da ya zama ruwa ta tsotse danshi, wadda ya kamata a canza in an buɗe bututun ya daɗe a buɗe. A bindiga risiba ita ce gangar da sauran sassa ke hawa kanta, kuma a dokar Amurka ita kaɗai ake ɗauka a matsayin bindigar, a jikinta ake buga lamba. A tashar hasken rana ta Noor III da ke Warzazat a Maroko, risiba ita ce kan hasumiyar da dubban madubai ke haskawa.

Wuri ɗaya ne rabuwar Shannon ba ta aiki, shi ne gadon asibiti. Wanda ake ƙara wa jini shi ne mai karɓa, shi ne kuma wanda aka nufa, ba wanda zai miƙa wa. Tantancewar ma jikinsa ne ke yi, ba tare da shawara da shi ba. Karl Landsteiner ya gano rukunonin jini a Biyana a 1901, aka ƙara gano na Rh, wato alamar ƙari ko ragi da ke bin rukunin jini, a 1940. Mai rukunin A jininsa na ɗauke da dakarun da ke far wa B, mai B na far wa A, mai O na far wa duka biyun. Mai AB da Rh mai alamar ƙari shi ne ke iya karɓar jajayen ƙwayoyin kowa, mai O mai alamar ragi shi ke iya ba kowa amma ba ya karɓa sai daga irinsa. Duk da haka ɗakin gwaji ba ya dogara da abin da ke rubuce a kati, sai ya haɗa jinin biyu ya gani, kuma ma'aikacin jinya ya sake tambayar suna a bakin gado, domin munanan haɗurran ƙarin jini da yawa daga musayar leda ko kuskuren suna suke zuwa. A asibitocinmu, inda dangi ake nema su kawo jini, miji ne ke fara miƙa hannu. Ga macen da ke sa ran sake haihuwa likitoci sun fi son na wani, saboda jikinta na iya koyon faɗa da wani abu na jinin mijin, wanda jaririn da za ta ɗauka nan gaba zai iya gada. Irin wannan ne ke faruwa da uwa mai Rh na ragi da ta haifi ɗa mai na ƙari: cikin farko kan wuce lafiya, na bayansa ne ke shiga haɗari, sai in an yi mata allurar rigakafi ta anti-D cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari.